Rawar Taro da Samun Gurbi ga Matasa 'Yan Gudun Hijira: Nazari a kan Sansanonin Kudancin Chadi da Mentao

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda rawar taro ke sa matashi ɗan gudun hijira ya ji yana da gurbi a cikin jama'a. An ɗora nazarin a kan aikin masu tsara rawa biyu, Taïgué Ahmed a Chadi da Salia Sanou a Burkina Faso, aka auna shi da sakamakon wani gwaji na ilimin halayyar ɗan Adam. Matsayar maƙalar ita ce, amfanin rawar ya fi fitowa fili wajen maido wa matashi ƙima a idon mutane, fiye da warkar da tabon da yaƙi ya bar masa a zuci.

Gabatarwa

Tun daga 2003, shekarar da François Bozizé ya ƙwace mulki a Bangui, mutane ke kwararowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya zuwa kudancin Chadi. Aka kafa musu sansanonin Amboko da Gondjé da Dosseye a kewayen garin Goré, rikicin 2013 kuma ya ƙaro wasu. Yaron da aka shigo da shi a goye, yanzu magidanci ne. Sansani yakan ba shi abinci da tanti da katin rajista, amma ba ya ba shi abin yi, ba ya kuma ba shi sunan da za a san shi da shi ban da “ɗan gudun hijira”. Zaman kashe wando ne na dole.

Ra'in bincike

A 1912 Émile Durkheim ya yi bayanin zumuɗin da ke kama jama'a idan suka taru suna motsi tare, har kowa ya ji ya zama wani sashe na abin da ya fi shi girma. William McNeill, a littafinsa na 1995, ya danganta wannan da daidaita taku, ko a fagen rawa ko a faretin soja. Gwajin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Bronwyn Tarr da Robin Dunbar da abokan aikinsu na Jami'ar Oxford, wanda aka buga a 2015. Sun sa 'yan makarantar sakandare a Brazil yin rawa rukuni-rukuni: wasu takunsu ɗaya, wasu kowa da nasa, wasu da ƙarfi, wasu sannu-sannu. Sai a ɗaura wa ɗalibi abin awon jini a damtse, a yi ta hura masa iska har ya ce ya isa. Waɗanda suka daidaita taku, da waɗanda suka yi gumi, sun fi jure matsin bayan rawar, sun kuma fi jin kusanci da abokan rawarsu. Masu binciken sun ɗauki ƙaruwar juriyar a matsayin alamar sinadarin endofin.

Sai dai ɗaliban nan ba 'yan gudun hijira ba ne, kuma kusancin da aka auna na ɗan lokaci ne. Wanda ya ɗauki wannan sakamako ya ce rawa maganin firgicin yaƙi ce ya yi azarɓaɓi.

Fagen Goré

Taïgué Ahmed ya kafa ƙungiyar Ndam Se Na a 2005, sunan da ke nufin “mu yi rawa tare” da harshen Ngambay, ya kuma kai horon rawa cikin sansanonin kudu. Abin lura a nan shi ne yadda da'irar rawa ke juya matsayin mutum. A layin rabon hatsi matashi mai miƙa hannu ne. A tsakiyar fage kuwa, idan ya nuna takun ƙauyensu sauran suka bi, ya zama mai koyarwa, kuma abin da yake koyarwar ba a ba shi a buhun agaji ba, da shi ya tsallako iyaka. Rawa ba ta neman tafinta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin da manomi da makiyayi, Kirista da Musulmi, suke kallon juna da idon abin da ya faru a gida.

Alastair Ager da Alison Strang, a 2008, sun bambanta zumuncin cikin gida da alaƙar da ke sada baƙo da mai masauki. A ganina ta biyun ce ma'aunin gaskiya. Rawar da ba ta fita shingen sansani ba tana iya ƙara ɗaure mutane a cikin baƙuntarsu. Wadda 'yan gari suka shigo kallo, har suka shiga fage, ita ke rage wa kalmar “baƙo” nauyi.

Akwai kuma waɗanda fagen ba ya ɗauka. Duk wanda ya san gaɗa a dandali ya san 'yan mata na yin ta ne a tsakaninsu, kuma da zarar an ɗaura aure an bar ta. Kunya da addini da tsarin gado na sana'ar kiɗa suna yanke wa mutum ko zai taka a bainar jama'a. Ƙidayar mahalarta da ba ta tambayi su wa suka tsaya a bakin tanti ba, rabin labari ta bayar.

Mentao

Shirin Refugees on the Move na gidauniyar African Artists for Development ya faɗaɗa salon Taïgué Ahmed zuwa wasu ƙasashe. A ƙarƙashinsa Salia Sanou ya yi aiki a sansanin Mentao kusa da Djibo, inda waɗanda rikicin Mali na 2012 ya koro suke zaune a lokacin. Daga nan ya tsara wasan Du désir d'horizons, aka nuna shi a Faransa a 2016. Wasan ya zagaya dakalan Turai da ƙwararrun 'yan rawa, abin da ke tayar da tambayar wa ke cin ribar labarin. Sansanin kansa kuwa, taɓarɓarewar tsaro a lardin Soum ta sa yawancin mazaunansa suka sake ɗaure kaya a 2020.