Daga Hurumi Zuwa Garka: Wa Ke Da Itatuwan Boɗinga Da Shagari?

Hanyar da ta fito daga birnin Sakkwato ta nausa kudu, ta ratsa Boɗinga, ta bi ta yankin Yabo zuwa Shagari da Tambuwal, tana keta ƙasar da ta daɗe maƙil da jama'a. Ba wurin neman ƙungurmin daji ba ne. Itatuwan da suka rage su ne gawo a tsakiyar gonakin gero, kuka a bakin tsofaffin garuruwa, dogon yaro a jere a ƙofar gidaje da makarantu, sai mangwaro da gwaiba a fadama, an kewaye su da shingen aguwa ko ƙaya. Kusan kowace daga cikin waɗannan bishiyoyi tana da mai ita, kuma duk ƙauyen sun san shi. Filin da ake ce wa na gwamnati ko na kowa, galibi a can ne ake tarar da kututture da tsirin sabara. Wannan bambanci ya sa wasu ke cewa a bar duk mai hali ya killace dajinsa, wasu kuma na jin tsoron hakan ya zama sabuwar hanyar ƙwace makiyaya. Tarihin yankin ya riga ya raba wannan gardama tun ƙarni biyu da suka wuce: dajin da mutum ya raya da hannunsa halalinsa ne, dajin da ya tarar Allah Ya tsirar wa jama'a kuwa ba shi da ikon kewaye shi. Dokokin da suka zo daga baya ne suka dagula wannan iyaka.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, daga wajen 1810 har 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. Lokaci ne na kafa garuruwa da raba filaye ga jama'ar da yaƙi ya tarwatsa, don haka tambayar wa ya mallaki wane fili ba ta karatun zaure kaɗai ba ce. Malam Abdullahi ya rubuta littafi sukutum a kanta, Ta'alimur Radi, kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa. Fiƙihun Malikiyya da ya dogara a kai ya kasa abin gida huɗu, ga uku daga ciki. Akwai filin da ke kewaye da gari, iyakar inda mai itace ko makiyayi zai je da safe ya dawo kafin dare, wanda haƙƙin mutanen garin ne baki ɗaya. Akwai hima, filin da shugaba kaɗai ke iya keɓewa don maslahar jama'a, kamar yadda Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, da sharaɗin ya zama kaɗan ne, ba wanda zai ƙuntata wa mutane ba. Na uku shi ne raya matacciyar ƙasa, ta hanyar haƙa rijiya, ko gini, ko noma, ko dasa itatuwa, kuma wanda ya yi haka ya mallake ta, sai dai idan tana kusa da gari dole ya nemi izinin shugaba. Attajiri ba shi da hima tasa ta kansa a wannan tsari. Amma talakan da ya dasa itace a busasshen fako ya zama mai ƙasa.

A aikace, wannan ya haifar da shimfiɗar da dattawa suka sani: hurumi a bayan gari, burtali da ke kai shanu mashaya ba tare da sun shiga shuka ba, saura da ake bari ta huta ta yi sabara da kalgo, sannan gonakin da ake nomawa duk shekara, cike da itatuwan da aka zaɓa aka bari da gangan. Gawo ya fi kowanne nuna hikimar abin. Yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero. Da rani kuma, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'yan da awaki da tumaki ke rububi a kansu, su bar taki a gindinsa. Manomi ya san geron ƙarƙashin gawo ya fi na sarari kauri da tsawon zangarniya. Bagaruwa ita ce ta riƙe sana'ar jima: da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce. Giginya ta ba da azarar rufin soro, ɗorawa ta ba da kalwar daddawa, tsamiya ta shiga kunu. Babu ma'aikacin da ake biya albashi don tsaron ko ɗaya daga cikinsu. Mai gona ne ke tsaronsu, domin shi da iyalinsa ke cin amfanin.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma dokar ƙasa ta 1910 ta sanya duk filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokokin daji na 1916 da 1937 suka ba da damar yanke gandun daji, akasari a hannun En'e, tare da malaman daji masu sintiri. Tsoron hamada ya ƙara wa abin ƙaimi. A 1935 wani masanin daji mai suna Stebbing ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa kudu, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai gaskata yawancin fargabar tasa ba, amma tunanin cewa manomi da makiyayi su ne abokan gaban itace ya riga ya zauna a ofis. Ba a musun cewa gandun daji ya ceci wasu wurare daga gatari na tsawon shekaru. Ɓarnar tana wani gefen: an jera wasu itatuwa a matsayin waɗanda doka ta tsare, sai da takardar izini za a sare su, ko da a gonar mutum suke. Daga ranar da bishiya ta zama dalilin tara da zuwa gaban alƙali, manomi mai hankali ya koyi cire ta tun tana tsiro, kafin malamin daji ya gan ta. Dogon yaro, wanda ya samo asali daga Indiya, aka shigo da shi Barno a 1928 sannan ya bazu zuwa Sakkwato, ya yi nasara ne musamman a cikin gari da ƙofar gida, wato inda kowa ya san wanda ya dasa da wanda ke ba shi ruwa.

Mulkin kai bai sauya wannan hanya ba. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji ta Turawa, ta 1965 ta tanadi keɓe makiyaya, sannan bayan farin 1973 ya halaka dabbobi ba adadi, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Alhaji Shehu Shagari, ɗan Magajin Shagari, wanda ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma a 1980, amma hankalin shirin yana kan abinci ne, da taki da madatsun ruwa. Dashen itace ya zama bikin shekara: manya su dasa a gaban 'yan jarida, awaki su ƙarasa aikin kafin kaka. Aka yi shingayen tare iska da bashin Bankin Duniya, aka zo ga Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, Nijeriya ta kafa mata hukuma a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Duk waɗannan sun amsa tambayar wa zai dasa, sun bar ta wa zai mallaka bayan an dasa. Ita kanta dokar 1978 tana da giɓi a nan. Ta yarda ƙaramar hukuma ta ba mutum har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo, ba tare da sa hannun gwamna ba, kuma idan gwamnati ta karɓe fili tana biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka ne. Mutumin da ya bar filinsa shekara goma don marke da kirya su dawo da kansu, a idon mai auna fili bai yi komai ba, filinsa kango ne da za a iya ba wani.

Hujja mafi ƙarfi tana tsallaken iyaka, a ƙasar da ta fi Boɗinga da Shagari ƙarancin ruwan sama. A Nijar ma dokar daji ta Faransa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, sun mayar da itace dukiyar hukuma, gonaki suka zama fili fetal. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a yankin Maraɗi cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara rassa ne na tsofaffin saiwoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani. Dabarar ba ta buƙatar gandun reno ko jarkar ban ruwa, wuƙa ko lauje ya isa. Abin da ya sa ta bazu shi ne jami'an daji sun sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, daga baya dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙinsa. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa da mata da makiyaya. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Manoman can Hausawa ne irin na Sakkwato, gero ɗaya suke nomawa, gawo ɗaya suke renowa.

Mai suka zai ce wannan labarin ƙaramin manomi ne, alhali wanda zai nemi takardar gandun daji na kansa a Sakkwato ɗan siyasa ne ko babban ɗan kasuwa, kuma filin da zai sa wa ido shi ne hurumin ƙauye ko burtali, don su ne ba su da takarda. Wannan suka gaskiya ce, kuma an ga sakamakon irinta a Zamfara da Katsina, inda rabon makiyaya da gandun daji ga masu hannu da shuni ya kasance cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin da ya mayar da dazuzzuka irin su Rugu da Gundumi mafakar 'yan bindiga. Sai dai wannan ba raya ƙasa ba ne, hima ce ta mutum ɗaya, wadda malaman Sifawa da Boɗinga suka hana. Ma'aunin yana da sauƙin dubawa: me ke filin kafin mai nema ya zo, kuma su wa ke amfani da shi? Idan mata na yo itace a can, shanu na bi ta can zuwa ruwa, to ba matacciyar ƙasa ba ce, ko da babu kunya ɗaya ta shuka a cikinta. Idan kuwa fako ne da zaizaya ta cinye, ko tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar hanya, ko gonarsa ta gado, hana shi mallakar itacen da ya rena ba ya ƙara wa makiyayi ciyawa ko damin kirare ɗaya. Hasali ma mai gawo hamsin a gona yana da abin sayar wa Bafulatani a watan Afrilu, yana kuma son garke ya kwana masa a gona saboda taki.

Suka ta biyu ita ce mai garka ba daji yake so ba, kuɗi yake so, don haka zai cika wurin da mangwaro da zogale da turare, ya sare duka ranar da aurar da 'ya ya taso. Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. Garkar mangwaro ba za ta maye gurbin dajin da ke da ɗinya da kanya da aduwa da magunguna iri-iri ba, kuma wuraren da masu zaman kansu ke tsare da daji don dajin kansa, kamar hekta 78 na Lekki a Legas da wata gidauniya ta kafa a 1990, suna rayuwa ne da kuɗin masu ziyara da tallafin kamfanoni, abin da Shagari ba ta da shi. Amma sarar itace don biyan buƙata ba laifi ba ne idan mai saran yana da dalilin bari ya sake tofowa, kuma dogon yaro da sabara da kalgo duk suna tofowa daga kututture. Mai ƙona gawayi a dajin gwamnati shi ne ba shi da wannan dalili, domin abin da ya bari yau wani zai kwashe gobe.

Matsalar da ta fi waɗannan wuyar warwarewa ita ce gado. Kirya da marke suna buƙatar shekaru da yawa kafin su zama abin kirki, mai dasawa kuma ba lallai ya ga girmansu ba. Idan ya rasu aka raba filin tsakanin magada goma sha, kowa zai ga rabonsa ya yi ƙanƙanta ga daji, ya dace da gero ko fuloti, musamman a Boɗinga da birnin Sakkwato ke matsowa kusa da ita kowace shekara. Shari'a tana da mafita a wakafi: mai fili ya tsayar da asalin dukiyar ba sayarwa ba rabawa, ya ambaci waɗanda za su ci amfanin, ko zuriyarsa, ko makarantar allo, ko matan unguwa masu neman busasshen itace. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Wakafi da za ta iya rajistar irin wannan. Abin da ya rage ga ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari da iyayen ƙasarsu shi ne su auna hurumi da burtalin da suka saura su kafa musu alama tun kafin a ba kowa takarda, sannan sashen kula da daji ya rubuta a fili cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya datse reshensa.