Tulu da Kururuwa: Mafarin Ƙungiyar 13th Floor Elevators

Masu rubuta tarihin kiɗan rock sun saba jingina salon psychedelic ga birnin San Francisco. Wannan jingina tana da giɓi, domin tun ƙarshen 1965 wasu samari biyar suka kafa 13th Floor Elevators a Austin, babban birnin jihar Texas, wurin da a lokacin ko tsawon gashin namiji kan jawo masa idon 'yan sanda.

Haɗin gambiza ce ƙungiyar. Roky Erickson, ɗan shekara 18, ya baro ƙungiyar The Spades da waƙarsa "You're Gonna Miss Me". Stacy Sutherland mai gita, Benny Thurman da makaɗin ganga John Ike Walton sun fito ne daga ƙungiyar Lingsmen. Na biyar ɗin, Tommy Hall, ɗalibin Jami'ar Texas, ba makaɗi ba ne. Shi ke tsara yawancin baitoci, kuma ya ɗauki ƙwayar LSD tamkar aƙida, har yana nacewa a sha kafin a hau dandamali. Abin kiɗansa tulu ne: yakan kara makirfo a bakin tulun, ya riƙa fitar da sauti da leɓɓansa, sai ka ji wata ɓulɓula mai sauri tana yawo ƙarƙashin gita.

Manazarta sun fi karkata ga Hall, wataƙila don falsafa ta fi daɗin sharhi. A ganina sun tauye Erickson. Waƙar da ta kai su lamba ta 55 a jadawalin Billboard a 1966, wato "You're Gonna Miss Me", ba ta ɗauke da wata falsafa. Ƙorafin masoyi ne, kuma Erickson ya rubuta ta kafin ƙungiyar ta kafu. Kururuwarsa ce ta sa gidajen rediyo suka saurara, tulun ya biyo baya.

Texas kuwa ba ta raga musu ba. A Janairun 1966 aka kama su da tabar wiwi, laifin da a dokar jihar kan kai mutum ga ɗaurin shekaru. A watan Agusta suka nufi San Francisco, suka yi wasa a Avalon Ballroom, sannan kafin ƙarshen shekarar kamfanin International Artists na Houston ya fitar da kundin waƙoƙinsu na farko, ɗaya daga cikin na farko-farko da suka ɗauki kalmar psychedelic a sunansu.