Shari'ar Mayu a Salem da Matsalar Shaida

A cikin shekarar 1692, a Salem ta Masacusets, wadda ke ƙarƙashin Ingila a lokacin, waɗansu 'yan mata suka riƙa faɗuwa suna ihu, wai mayu ke shaƙe su. Gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman. Abin lura shi ne irin shaidar da alƙalai suka karɓa: yarinya ta ce siffar wance ta zo mata da dare. To, wa zai gaskata, wa zai ƙaryata? Bugu da ƙari, wanda ya amsa laifi yakan tsira, wanda ya musa shi ke halaka. Amsawar ke nan ba hujja ba ce. Mutum 19 aka rataye kafin Phips ya rushe kotun a watan Oktoba.