Awon ambaliya: daga sandar Yamai zuwa koramun Majiya

 Duk damina in korama ta cika sai ka ji ana cewa “ba a taɓa ganin ruwa irin na bana ba”. To shin akwai mai auna shi? Akwai, kuma aikin ya kusa shekara ɗari a ƙasar nan.

Tun 1929 ake karanta tsayin kogin Kwara a Yamai, da wata sanda mai lambobi da aka kafa bakin ruwa. Amma tsayi kaɗai bai isa ba. Abin da masana ke nema shi ne yawan ruwan da ke wucewa cikin daƙiƙa guda lokacin da ambaliya ta kai ƙololuwarta. Lissafin ba wuya: faɗin ruwa, sau zurfinsa, sau gudunsa. A ce korama ta yi faɗin mita 50, zurfin mita 2, tana gudun mita 2 a daƙiƙa. Ruwan da ke wucewa ya kai lita 200,000, wato tano dubu, kowace daƙiƙa. Shi ya sa ginin ƙasa ba ya tsaya mata.

Kogin Kwara yana ba da lokaci, yana hawa kwana da kwanaki. Koramun Adar kuwa ba haka suke ba. Ruwa ya sauka kan dutse da fako, ya gangaro gaba ɗaya, cikin ƴan awoyi ya yi ɓarnarsa ya wuce, sau da yawa ma da dare. Don haka cibiyar bincike ta Faransa mai suna ORSTOM ta zaɓi wasu ƙananan kwaruruka a Adar, irin na Kunkuzut cikin shekarun 1960, da na wajen Galmi daga baya, ta kafa ma'aunin ruwan sama da na korama. A kan Majiya kanta akwai wurin awo a Tsarnawa, kafin ruwan ya wuce Ƙonni ya faɗa tafkin Kalmalo a Najeriya. Inda ba a samu aunawa ba lokacin da ruwa ke gudu, sai a bi sawunsa: shara da ta maƙale ga itace, da layin laka a jikin bango. Da wannan alama da gangaren ƙasa ake ƙiyasta ƙarfin da ya zo da shi.

A 1965 wasu masana biyu, Rodier da Auvray, suka fitar da hanyar lissafin abin da suka kira ambaliyar shekara goma, don ƙananan kwaruruka na Afirka ta Yamma. Ku lura, ba ana nufin sai shekara goma ta cika take zuwa ba. Ma'anarta, kowace damina akwai yiwuwa ɗaya cikin goma ta zo, kuma tana iya zuwa bana ta sake zuwa baɗi. Da irin wannan lissafi injiniyoyi suka daɗe suna yanke girman gada da radiye da maƙogwaron baraji.

Sai dai ƙasar da aka auna a wancan zamani ba ita ce ta yau ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, gonaki sun ci daji, ƙasa ta yi fako. Masana suka gano wani abin mamaki a Sahel: ruwan sama ya ragu, amma wanda ke gudu cikin koramu ya ƙaru, don ƙasa ta daina sha. Rairayi kuma ya riƙa cike baraji, kamar yadda mutanen Ibohamane suka gani da idonsu. Aikin dashen dogon yaro na kwarin Majiya da ya fara a 1975, da aikin Keita da Italiya da FAO suka tallafa tun 1984, duk ƙoƙari ne na riƙe ƙasa, kuma na Keita ya haɗa da jera duwatsu da gina shingaye don rage wa ruwa gudu.

Da damina mai ƙarfi ta dawo, lambobi suka fara faɗin gaskiya. A Yamai jan layin haɗari yana kan santimita 620. A watan takwas na 2012 ruwa ya kusa taɓa shi. A watan tara na 2020 ya kai wajen santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo, da fiye da tano 15,000 a daƙiƙa. A 2024 ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan guda a Nijar, rayuka sama da 300 suka salwanta. Allah ya jiƙansu.

Hukumar kogin Kwara ta ABN da cibiyar AGRHYMET duk suna Yamai suna bin babban kogi. Amma koramar da ke bayan gidanka, wadda ke cin gonar albasa ta yanke hanyar kasuwa, wa ke rubuta nata?

Abin da za mu iya da hannunmu bai da tsada. In ruwa ya janye, a sa alama a bangon masallaci ko lakwal inda ya tsaya, a rubuta rana da shekara, a ɗauki hoto da salula a kai wa magajin gari. A tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa kafin a ba da fili ko a kafa tubali. Ranar da aka zo gina gada, wannan alama ce hujjarku in an kawo ƙarama.

Ku faɗa mana a ƙasa, a garinku ina ruwan 2024 ya tsaya? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrinta.