Ƙyauren Tsohon Rumbu a Ƙasashen Turawa

Wanda ya tashi a karkara a ƙasar Hausa ya san cewa galibin rumbunanmu ba su da ƙyaure, domin ta bisa ake zuba musu hatsi, ta bisa kuma ake ɗiba, a mai da jinka a kife. Sussuka da shiƙa kuwa a fili ake yin su, tun da Allah Ya hore mana kaka busasshiya da iskar hunturu wadda ba ta saɓa alkawari. Manomin Ingila bai sami wannan ni'ima ba, gama a ƙasarsa ruwa ba shi da ƙayyadadden lokaci, yana iya sauka ranar girbi kamar yadda ya sauka ranar shuka, saboda haka larura ta sa ya kai dammunan alkama da sha'ir ƙarƙashin rufi da zangarniyarsu, har ma ya shigar da masussukar kanta cikin ɗaki. Daga wannan larura aka sami wani irin gini mai girman masallacin unguwa, wani ma ya kai na Juma'a, wanda asalin sunansa a tsohon Ingilishi ma'anarsa ɗakin sha'ir, mu kuwa ba mu da sunan da ya fi kusa da shi sai rumbu, ko da yake rumbu ne wanda amalanke ke shiga cikinsa da dawakinsa da kayansa. Irin wannan gini rabin hikimarsa tana ga ƙofarsa, har ya zama duk wanda ya gaji ɗayansu yau, ya tarar ƙyauren ya ruɓe, ba zai iya zaɓar wanda zai maye gurbinsa bisa basira ba sai ya san aikin da na farin ya yi.

Mafi tsufa daga cikin waɗanda suka rage a tsaye na ma'abota addini ne. A Cressing, cikin lardin Essex, akwai rumbun katako wanda mayaƙan nan na coci da ake kira Templar suka gina a farkon ƙarni na 13, har yau kuwa bai faɗi ba. A Great Coxwell kuma akwai na dutse, wanda aka gina wajen shekarar 1292 Miladiyya domin ruhubanawan Beaulieu. Jama'a sun saba kiran irin waɗannan duka rumbunan ushiri, saboda a wancan zamani coci kan karɓi ɗaya bisa goma na amfanin gonar kowa, amma tahƙiƙi shi ne da yawa daga cikinsu amfanin gandayen ruhubanawan kansu ake tarawa ciki. Ko na ushiri ne ko na gandu, fasalin da ya yi rinjaye ɗaya ne, kuma shi manoma suka bi ɗaruruwan shekaru: dogon ɗaki, dammuna jibge hagu da dama, a tsakiya a bar fili mai daɓen katako ko na dutse, da ƙofa a wannan bango, da wata daura da ita a wancan.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya dakata, domin waɗannan ƙofofi biyu masu kallon juna su ne iskar hunturun Bature. Idan sanyi ya shiga, aikin gona ya tsaya, sai 'yan ƙodago su kwance dammuna a kan daɓen, su yi ta bugu da wata sanda mai gaɓa biyu da aka haɗa da fata, wata da watanni, sa'an nan ranar da iska ta taso a buɗe ƙofofin duka biyu, iskar ta ratsa ta tsakiyar ginin kamar ta ratsa lungu, a riƙa watsa hatsin sama, tsaba ta faɗo ƙasa, ƙaiƙayi ya bi ta ɗaya ƙofar ya fita. Mai shiƙa da ƙyauren yake gwada iskar, in ta yi yawa ya tura ɓangare guda, in ta yi kaɗan ya wangale duka, shi ya sa ake yin sa biyu, wani lokaci ma kowane ɓangare a raba shi sama da ƙasa. Ƙofar shiga kan kai tsayin mutum biyu ko fiye, domin amalanke da tulin kaya yake shigowa, ta fita kuwa sau da yawa gajera ce, tun da wofi zai fita. Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin wannan tsari duka wani ɗan ƙaramin abu ne: ba a barin ƙyauren ya taɓa ƙasa, sai a yanke shi wajen gwiwar mutum don kada ya ja taɓo da taki, a fafe wata 'yar hanya a jikin ginshiƙan ƙofar dama da hagu, a riƙa zura katakai a ciki, waɗanda ke tare tsabar da ke tsalle lokacin bugu, su kuma hana kaji da aladu shigowa alhali ƙofar tana buɗe.

Kaifiyyar haɗa ƙyauren kansa ba ta da wuya a faɗa, amma kowace gaɓa da dalilinta. A jera katakai a tsaye, a gicciya musu wasu uku ko huɗu ta baya, a buga ƙusoshin maƙera waɗanda suka fi kaurin katakon tsawo, bakin da ya ɓullo ta baya a lanƙwasa shi a mai da shi cikin itacen, ta yadda ko ƙyauren ya shekara hamsin yana bugun ginshiƙi ƙusar ba za ta zare ba. Saboda wannan lanƙwasawa, ko bayan da injuna suka fara yanka ƙusa wajen shekarar 1800, kafintoci sun daɗe suna komawa wurin maƙeri idan aikin ƙyaure ya taso, domin ƙusar injin ta farko gautsi gare ta, in an lanƙwasa ta sai ta karye. Maƙerin shi ke ƙera hinji, watau dogon tsirin ƙarfe mai zobe a gindi, wanda ake sarƙafawa a kan wani ƙugiya da aka kafa a ginshiƙi. Sai kuma tokari, katakon da ke tafiya a karkace, wanda ƙa'idarsa ita ce ya tashi daga kusurwar ƙasa ta wajen hinji ya hau zuwa kusurwar sama ta wajen sakata, domin nauyin bakin ƙyauren ya danna shi ya sauka kan hinji. Na taɓa ganin ƙyauren wani gareji da aka sa wa tokari a juye, damina biyu kacal bakinsa ya sunkuya yana sharar ƙasa, sai mutum biyu sun ɗaga shi kafin sakata ta shiga; katakon mai kyau ne, ƙusoshin ma haka, fahimtar inda nauyi ke bi ita ce ta yi ƙaranci.

Ƙofar kuwa ba ta taɓa zama a hali guda ba, domin duk sa'ad da aikin gona ya sauya sai ta bi shi. A Great Coxwell ɗin nan, manyan ƙofofin da baƙo ke fara gani a goshin ginin ba na ruhubanawa ba ne, a ƙarni na 18 aka fasa bango aka yi su, lokacin da amalanke ya yi girman da tsofaffin ƙofofin gefe ba su ɗaukarsa. Sa'an nan a 1786 wani mai gyaran injin niƙa a ƙasar Sikotlan, Andrew Meikle, ya ƙago injin sussuka, wanda sannu a hankali ya raba 'yan ƙodago da aikin da suke ci da shi a lokacin sanyi, har a 1830 fitina ta tashi daga lardin Kent ta bazu kudancin Ingila, talakawa suna bi gona gona suna farfasa injunan. Injin dai shi ya yi galaba, kuma da aka haɗa masa na'urar shiƙa mai fanka, iskar da ake jira daga Allah ta koma abin da ake juyawa da hannu, ƙofa ta biyu ta rasa dalilin da aka yi ta dominsa, aka toshe da yawa daga cikinsu da tubali.

Waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka kowa da fasalin ƙasarsa ya tafi. Mutanen Ingila suka gina nasu mai ɗaki uku, galibi ƙafa 30 a faɗi da 40 a tsawo, ƙofa a dogon bango kamar yadda suka baro a gida. Mutanen Holan da suka zauna a kwarin kogunan Hudson da Mohawk suka sa tasu a goshin gini, hinjinta na itace, da wani ginshiƙi a tsakiya wanda ake cirewa in amalanke zai wuce. Amma sabuwar ƙasar tana da nata hukunci, shi ne dusar ƙanƙara, wadda ke zamowa daga kan rufi ta taru daidai bakin ƙofar gefe, manomi ya wayi gari shanunsa na kuka a ciki, shi kuwa ba shi da ikon buɗe ƙyaure mai buɗewa waje sai ya yi haƙa da shebur. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa manoman arewa maso gabashin Amurka, a ƙarni na 19, suka koma sa babbar ƙofa a goshi, inda rufi ba ya zubarwa, kuma a nan ana iya ƙara wa ginin tsawo ta baya duk lokacin da garke ya ƙaru.

Sauyin da ya fi kowanne girma shi ne ƙyauren turawa gefe, wanda ya bazu daga tsakiyar ƙarni na 19: a rataye shi da 'yan ƙafafun ƙarfe masu gangarawa a kan dogo da aka kafa bisa ƙofa, ya bi jikin bango, ba ya bukatar fili a gabansa, iska ba ta fizge shi ta karya wa yaro hannu, kuma tun da nauyinsa a rataye yake, ba ya sunkuyawa. Da wannan sana'ar ta fita daga hannun maƙerin ƙauye ta koma masana'anta. William Louden na garin Fairfield a jihar Iowa, wanda a 1867 ya sami takardar mallakar wata na'urar ɗaga harawa zuwa saman rumbu, kamfaninsa ya shahara da ƙera waɗannan ƙafafu da dogo, har da dogo rufaffe wanda tsuntsaye ba su iya sheƙa a ciki, domin sheƙar gwara da ƙanƙara su ne ke tsayar da na fili. Na'urar harawar ita ma ta haifi wata ƙofa can ƙololuwar goshi, ƙarƙashin wani ɗan baki da rufi ya miƙo. Babban aibin ƙyauren turawa shi ne ba ya manne wa bango, sanyi da ɓera suna samun hanya ta gefensa. Bayan wannan sai tarakta ta zo, injin girbi ya riƙa sussuka tun a gona, manyan kayan aiki suka fi ƙarfin tsohuwar ƙofa, aka koma gina rumfunan kwano, tsohon rumbu ya zauna ba aiki. Kuma ƙyaure shi ne farkon abin da ke mutuwa, gama shi ke shan ruwa ta ƙasa, in ya faɗi kuwa guguwa ta sami hanyar shiga ta ɗaga rufin daga ciki.

Ga wanda zai yi sabon ƙyaure yau, mas'alar tana da saɓani, domin wasu na ganin a mai da gini kamanninsa na ranar farko, wasu na ganin a gyara abin da aka tarar kurum. Ra'ayi na biyu shi ne mazhabar William Morris, wanda ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila a 1877, wanda kuma gidansa na Kelmscott ba shi da nisa da Great Coxwell, yakan kai baƙinsa su ga rumbun don tsananin ƙaunar da yake masa. A wurina wannan ra'ayi shi ne mafi rinjaye, da hujjar cewa rumbun da ya rayu shekara ɗari biyu ba shi da kama guda da za a ce ita ce ta gaskiya, ƙyauren turawa da kakan mutum ya rataya a 1890 ya riga ya zama gado kamar yadda na hinji ya zama. Saboda haka kafin a sayi katako ko ɗaya, wajibi ne kafinta ya tsaya gaban ginshiƙan da fitila ya karanta su kamar yadda ake karanta tsohon kundi: ramukan da ƙugiyoyi suka bari suna gaya masa an taɓa yin hinji, da yawansu, da ɓangaren da ƙyauren ke buɗewa, jerin ramukan ƙusa a miƙe bisa ƙofa, ko wani tsiri inda fenti bai koɗe ba, shaidar dogo ne, fafaffiyar hanya a gindin ginshiƙi kuwa tana nuna inda ƙyauren asali ya tsaya. In tsohon ƙyauren yana nan, ƙasansa kaɗai ya ruɓe, a yanke ruɓaɓɓen a ɗora sabon itace irin na da, a tsame tsofaffin hinjin a kankare tsatsa a mayar, domin ƙarfen maƙera ya fi katakon da ke riƙe da shi tsawon rai nesa ba kusa ba.

In kuwa babu makawa sai sabo, to a nemi busasshen katako mai kaurin na da, a bar 'yar tazara tsakanin katakai saboda kumburin damina, a fiƙe saman kowane gicci don ruwa ya zame, a kuma tabbatar ginshiƙin da zai ɗauki nauyin bai ruɓe ta gindi ba, gama ƙyaure mai kyau a kan ruɓaɓɓen ginshiƙi wata shida ba zai yi daidai ba. Ƙofar ma da wuya a same ta a miƙe, tun da ginin ya daɗe da kishingiɗa gefe guda, don haka a wurin ake auna ƙyauren a yanka shi ya bi karkatar. Fentin da ya dace da shi shi ne wanda manoman Amurka suka saba, jan garin tsatsar ƙarfe da aka dama da man 'ya'yan kittani, wanda araharsa ce ta sa rumbunan ƙasar suka zama jajaye; yana shiga cikin itace ya bar shi yana numfashi, in ya tsufa kuma koɗewa yake yi ba ɓarewa ba. A fara shafa shi a bakin katakan na ƙasa, inda aka yanka, tun kafin a rataya ƙyauren, domin da zarar an rataya shi hannu ba ya sake kaiwa wurin.