Ƙaramar cikar teku: Ranakun da wata da rana ke ja-in-ja a kan ruwa

Duk wanda ya saba tsallaka gadar Kogin Kaduna daga Kakuri ko Barnawa ya san cewa ruwan sama ne ke cika kogin, rani ne kuma ke busar da shi. Wata ba shi da hannu a wannan. Kaduna tana kan tudu mai tsayin kusan mita 600 bisa teku, kuma ruwan kogin bai kai girman da jan wata zai ɗaga shi ba. A bakin teku kuwa labarin ya sha bamban. Can ruwa yana cika ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, kuma girman wannan cika yana bin kwanan wata, wato lissafin da muke yi tun daga daren da aka sanar da ganin jinjirin wata.

Masanin nan na Ingila, Isaac Newton, shi ne ya fayyace dalilin a 1687. Wata yana janyo duniya, amma janyowar ta fi ƙarfi a ɓangaren da ke fuskantarsa, ta fi rauni a ɓangaren da ya juya masa baya. Wannan bambanci ne ke sa ruwan teku ya taru a wurare biyu, ɗaya ta fuskar wata, ɗaya ta bayan duniya. Yayin da duniya ke juyawa, kowace gaɓa tana ratsa su biyun. Rana ma tana yin irin wannan aiki, sai dai nisanta ya kai kilomita miliyan 150, alhali wata yana nan kusa, wajen kilomita 384,000. Don haka duk girmanta, tasirinta a kan teku bai kai rabin na wata ba.

Lokacin tsayuwar wata, da kuma daren 14 zuwa 15, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya. Ƙarfinsu ya haɗu, sai ruwa ya cika maƙil, in ya tashi janyewa kuma ya janye da nisa. Wannan ita ce babbar cika. Amma a wajen daren 7 zuwa 8, da kuma 22 zuwa 23, lokacin da ake ganin rabin wata, rana tana ja ta gefe guda, wata yana ja ta wani gefen. Abin da wata ya tara, rana ta rage shi. Wannan ita ce ƙaramar cika, kuma tana zuwa sau biyu a kowane wata, galibi kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya rabu, domin teku ba ya amsa kira nan take.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Ƙaramar cika ba ta nufin teku ya ƙafe. Ruwan ba ya hawa sosai, amma kuma ba ya sauka sosai. Tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ce ke tsukewa. Gudun ruwa a mashigai ma yana lafawa, abin da masu nutso da masu gyaran gada ke so.

Ga matuƙin babban jirgi mai nauyin kaya kuwa, ranaku ne na ƙunci. Inda mashiga ba ta da zurfi, kamar bakin Escravos da ake bi zuwa tashar Warri, jirgi yakan jira ruwa ya cika kafin ya tsallake yashin da ke ƙasa. Idan cikar ta zo ƙarama, jirgin da ya nutse sosai sai ya jira kwanaki, ko a rage masa kaya. A Legas tazarar ba ta wuce kimanin mita ɗaya ba, saboda haka kada ɗan kasuwa ya ɗora wa wata laifin jinkirin Apapa. Wannan yana da nasa dalilan. Can a mashigar Fundy ta Kanada, tazarar takan kai mita 16.

Masu jiran kwantena a tashar tsandauri ta Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018, za su tuna da jirgin Ever Given mai tsawon mita 400, wanda ya tokare mashigar Suwez ranar 23 ga Maris, 2021. Ya maƙale ne kwana biyu bayan wata ya rabu, a cikin ƙaramar cika. An yi ta haƙar yashi ana jansa da ƙananan jirage, ruwan kuma yana ƙara hawa kullum. Sai ranar 29 ga Maris, a tsakiyar Sha'aban, kwana ɗaya bayan wata ya cika, ya taso kan ruwa, ɗaruruwan jiragen da suka yi cirko-cirko suka samu hanya.