Tarihin Auna Nisan Wata da Hasken Leza

Gabatarwa

Shekaru aru-aru masana ilimin taurari sun dogara ga lissafin kusurwoyi wajen kintata tazarar da ke tsakanin duniya da wata. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda hasken leza ya sauya wannan tsari, har awon nisa ya koma awon lokaci.

Tushen Dabarar

Leza na'ura ce mai fitar da siririn haske wanda ba ya saurin bazuwa kamar na fitila. Theodore Maiman ne ya fara ƙera wadda ta yi aiki, a Amurka, cikin 1960. Da yake an san gudun haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, abin da ya rage shi ne a harba shi, a ƙidaya lokacin zuwansa da dawowarsa, a ninka da gudun nasa, sannan a raba biyu. A 1962 masana a jami'ar MIT suka haska wata da leza, amma da yake fuskarsa gargada ce, awon bai fita daidai ba.

Madubai a Kan Wata

An shawo kan wannan matsala a Yulin 1969, lokacin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye wani faifai mai ƙananan madubai 100, waɗanda ke mayar da haske inda ya fito. Ranar 1 ga Agusta, cibiyar nazarin taurari ta Lick da ke Kalifoniya ta tsinkayi hasken da ya dawo. Apollo 14 da 15 sun ƙara nasu a 1971, haka kuma motocin Tarayyar Sobiyet, Lunokhod 1 da 2, sun kai madubai ƙirar Faransa a 1970 da 1973.

Sakamakon Awon

Matsakaicin nisan wata kimanin kilomita 384,400 ne, amma a yau kuskuren awon bai wuce 'yan milimitoci ba. Da wannan aka tabbatar cewa wata yana nisantar duniya da kimanin santimita 3.8 kowace shekara, saboda cikowa da janyewar ruwan teku da ke rage saurin juyawar duniya. George Darwin ya yi hasashen haka tun ƙarni na 19.

Kammalawa

Madubin Apollo 11 ba ya buƙatar lantarki, shi ya sa har yanzu ake amfani da shi. Ta hanyarsa, hasashen da ya daɗe a kan takarda ya zama abin da ake aunawa shekara bayan shekara.